Ƙura Mai Ƙyalli da Dabbobin Gida

Ko wane yaro ya san ƙyalƙyali, watau ƙananan abubuwan nan masu walƙiya da a ke mannawa a jikin mayafi da kayan amare, ko a barbaɗa su a takardar gayyatar biki. Ran biki abin sha'awa ne ga ido. Amma bari taro ya watse, mata su tashi gyaran gida, sa'an nan za ku ji ana ta tsaki.

A ce an ajiye irin wannan mayafi bisa gado, kyanwa ta zo ta kwanta a kai ta yi birgima. Da ta tashi sai ku gan ta tana walƙiya tun daga kunne har wutsiya, sai ka ce ita ce amaryar. Yara su yi ta dariya. Ita kuwa ba ruwanta, ta hau tabarma, ta shiga madafa, ta goga jikinta a ƙafar mai gida. Duk inda ta bi sai ta bar shaida. A share yau, a share gobe, bayan mako guda a sake ganin ƙwaya ɗaya tana ƙyalli a bakin ƙwarya.

Me ya sa sharar ƙyalƙyali ta ke da wuya haka? Dalili shi ne, da leda mai laushi a ke yin yawancinsa, a shafa mata alminiyam, sa'an nan a yanyanka ta ƙanana ƙwarai. Ba shi da nauyi, saboda haka tsintsiya ba ta tattara shi, sai dai ta tashe shi sama ya sake sauka wani wuri. Yana maƙalewa a gashi da tufa. Ba ya kuwa ruɓewa kamar ganye ko ƙaiƙayi. Don haka ne ƙasashen Tarayyar Turai suka hana sayar da ƙyalƙyalin leda na barbaɗawa tun daga watan Oktoba na 2023, gama in ruwa ya kwashe shi zuwa koguna, kifaye suna haɗiye shi.

To, wannan ɗawainiya ce kurum, ba ta wuce tsaki da ɓata lokaci ba. Amma akwai wata ƙura a ƙasarmu ta Zamfara wadda halinta ya yi kama da na ƙyalƙyali wajen maƙalewa da wuyar shara, sai dai ita kisa ta ke yi. Labarinta za mu karanta yau, domin ko wane yaro na Anka da Bukkuyum da Gummi ya kamata ya san shi.

Dutsen zinariya

Allah ya albarkaci yammacin Jihar Zamfara da ƙasar noma da kiwo, ya kuma ɓoye zinariya a cikin duwatsunta. A ƙarshen 2009 kuɗin zinariya ya hau ƙwarai a kasuwannin duniya, har oza ɗaya ta haura dalar Amurka 1,000. Da manoma suka ji haka, sai da yawa daga cikinsu suka kama haƙa, musamman da rani, sa'ad da babu aikin gona.

Ga yadda a ke aikin. Maza su shiga rami su faso dutse, a zuba a buhu a kawo gari. A farfasa shi da guduma, sa'an nan a niƙa a injin niƙa, irin wanda a ke niƙa hatsi da shi, ko kuwa mata su daka a turmi a cikin gida. In ya zama gari sai a kai kududdufi a wanke, a zuba zaiba ta tattara zinariyar, a ƙona zaibar ta tashi, zinariya ta saura. Sauran garin kuma a shanya shi a tsakar gida, don a sake wankewa wata rana.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, dutsen nan ba zinariya kaɗai ke cikinsa ba. Akwai dalma mai yawa. Kun dai san dalma, ƙarfen nan mai nauyi da taushi da ke cikin batirin mota. Wani sashe nata yana cikin dutse mai ƙyalli irin na kwalli. Mafi yawa kuwa ruwa da iska sun daɗe suna cinta a cikin ƙasa, har ta juye ta zama wani abu mai saurin narkewa a cikin tumbin mutum. Ku lura da wannan da kyau: a dutse a kan ga ƙyalli, amma in an niƙe shi ya yi laushi, sau da yawa ido ba ya iya bambanta ƙurarsa da ƙurar hanya. Ba ta da wari, ba ta kuwa da ɗaci. Mai ƙyallin dai kyan ɗan maciji ne, maras ƙyallin kuma ya fi shi haɗari, gama ba mai ganinsa balle ya guje shi.

Agwagi sun fara ba da labari

A farkon 2010 mutanen waɗansu ƙauyuka suka lura agwaginsu suna ƙarewa. Ba wanda ya damu ƙwarai, gama an saba ganin annobar kaji ta zo ta wuce. Sai daga baya, da masu bincike na hukumar CDC ta Amurka suka zo suna tambaya, sa'an nan aka tuna da mutuwar agwagin, aka gane ashe gargaɗi ne.

Don me agwagwa ta riga kowa? Ku dubi yadda ta ke kiwo. Kullum bakinta yana cikin taɓo a gefen kududdufi, tana tace laka tana neman abinci. A kududdufin nan kuwa a ke wanke garin dutse. Haka kaza, tana tsattsagar ƙasa tana haɗiye tsakuwa. Akuya da tunkiya suna lasar ƙasa da bango, suna shan ruwan tafki. Kyanwa kuwa ba ta da soso sai harshenta, duk ƙurar da ta hau gashinta, cikinta za ta.

Dabbar da dalma ta kama ta kan ƙi cin abinci, ta rame. Saniya ta kan yi ta cizon haƙora, miyau yana dalala, ta makance, ta yi ta tangaɗi ko ta kafa kai a jikin bango. Kare da kyanwa su kan yi amai, wani lokaci su faɗi suna shure-shure.

A Ingila masu haƙar gawayin ƙasa sun daɗe suna shiga rami da kanari a keji. In muguwar iska ta taru, tsuntsun ne ke fara faɗuwa, sai mutane su fita da gudu. Ba su bar wannan dabara ba sai a 1986, da aka sami na'urori masu yin aikin. Agwagin Zamfara sun yi mana aikin kanari, sai dai ba a fahimci saƙonsu da wuri ba. Hausawa kuwa sun ce, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ƙasar da agwagwa ke kiwo a kai, a kanta jariri ke rarrafe.

Abin da ya sami yara

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda a ke ce wa Na-gari Na-kowa, suna zagaya ƙauyuka don neman masu ciwon sanƙarau, sai suka iske ƙananan yara suna ta mutuwa. Yaro ya fara amai da ciwon ciki, sa'an nan ya kama jijjiga, ya suma. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Aka ba da na sanƙarau, bai yi ba. Da aka ɗebi jinin yaran aka aika da shi Turai aka auna, sai aka tarar cike ya ke da dalma.

Masu bincike suka bi gida gida a ƙauyuka biyu, Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Suka ƙidaya yara 463 waɗanda ba su kai shekara 5 ba. A cikinsu 118 sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin ko wane huɗu. Da aka haɗa da sauran ƙauyuka, Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru da Bagega, yaran da suka rasu sun fi 400, waɗanda suka kamu kuwa dubbai ne. Allah ya jiƙansu.

Me ya sa abin ya fi cin yara? Dalili na fari, ƙaramin yaro a ƙasa ya ke wuni, ko me ya taɓa kuwa sai ya kai baki. Na biyu, in yaro da babba suka haɗiye dalma daidai wa daida, wadda za ta shiga jinin yaron ta kan ninka ta babban sau huɗu ko biyar. Na uku, ƙwaƙwalwar yaro ba ta gama ginuwa ba, dalma kuwa ƙwaƙwalwa ta fi yi wa ɓarna. Wanda ya tsira da rai, wani ya kan makance, wani ya kurmance, wani kuma karatu ya yi masa wuya. Dalma tana kwanciya a ƙashi da haƙori shekaru da yawa, mace mai ciki kuma tana iya ba ɗan da ke cikinta. Likitoci sun tabbatar babu wani ƙanƙanen awo na dalma a jini da za a ce ba shi da lahani.

Babbar shara

Akwai magani mai kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. Aka buɗe ɗakunan jiyya a asibitocin Anka da Bukkuyum, aka yi ta ba yara. Amma likitoci suka ce, in an warkar da yaro aka mai da shi gidan da ƙurar ta ke, an yi aikin baban giwa. Tilas sai an tsabtace gida tukuna.

To, yaya a ke share abin da ido ba ya gani? Tsintsiya ba ta yi, gama tashe shi za ta yi ya shiga hanci da tukunya. Wuta ba ta cinye dalma. Tafasa ruwa ba ya kashe ta, gama ba ƙwayar cuta ba ce, ƙarfe ce. Ko an bar ta shekara ɗari, tana nan.

Saboda haka sai aka yi wata dabara. Masana daga wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics, da ƙungiyar Blacksmith, da ma'aikatan Gwamnatin Jihar Zamfara, suka haɗa kai da sarakuna da masu unguwanni. Da fari aka fitar da injinan niƙa da aikin dutse duka zuwa bayan gari. Sa'an nan aka bi gida gida da wata na'ura ta hannu wadda a ke ɗora bakinta a ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke wurin. A wancan lokaci ƙa'idar Amurka ita ce kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan a ƙasar da yara ke wasa. A waɗansu wurare na ƙauyukan nan an sami fiye da kashi 100,000.

Samarin gari da kansu suka yi aikin, da fartanya da shebur da baro. A kankare saman ƙasa kamar inci 2, watau santimita 5, a tsakar gida da ɗaki da turke, a zuba a buhu, a kai wani babban rami da aka haƙa nesa da gari a binne. Sa'an nan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa a daɓe. Kududdufai ma aka kwashe lakarsu. An fara da Dareta da 'Yargalma a watan Yuni na 2010, aka ci gaba da ƙauyuka biyar har cikin 2011.

Bagega, wadda ta fi su duka girma, ta daɗe tana jira don rashin kuɗi. Waɗansu matasa na ƙungiyar Follow the Money, a ƙarƙashin Hamzat Lawal, suka yi ta kai kuka, har Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya ba da iznin sakin kuɗi a watan Janairu na 2013, aka yi aikin a wannan shekara. Da aka gama lissafi, an tsabtace gidaje 820 a ƙauyuka takwas, an kwashe ƙasa mai guba fiye da mita 27,000 na awon cika. In motar tifa ɗaya tana ɗaukar mita 10, sawu 2,700 ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin ya yi amfani, gama mutuwar yara ta ragu ƙwarai. Likitocin MSF sun zauna har farkon 2022, sun auna jinin yara fiye da 8,000, sun ba fiye da 3,500 magani, kana suka miƙa aikin ga hukumomin jiha. Amma kada ku ce abin ya wuce. A 2015 irin wannan masifa ta auku a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Duk inda aka niƙa irin wannan dutse kusa da mutane, labarin zai iya maimaituwa. Ku yaran Gummi ma kada ku ce nesa ne. Kasuwanninmu ɗaya ne, buhu da dabba da mutum kullum suna kai da kawowa.

Yaro da kyanwarsa

Mu ɗauki misali. Wani yaro yana da kyanwa wadda ya ke ƙauna ƙwarai. Wata rana wansa ya dawo daga wurin haƙa, ya tuɓe rigarsa ya yar a zaure tare da wani tsohon buhu. Kyanwa ta kwana a kai. Da safe yaron ya gan ta fari fat da ƙura, ga ɗan ƙyalli nan da can a gashinta. Ya ɗauko tsumma zai kakkaɓe ta, ƙanwarsa kuwa tana zaune kusa tana shan koko.

Kakarsu ta hango shi, ta ce, "Kai, ɗan nan, tsaya! Kada ka kakkaɓe ta a nan."

Yaron ya ce, "Kaka, ai ƙura ce kawai. Dubi yadda ta ke walƙiya."

Ta ce, "Na gani. Ɗauki ƙanwarka ka kai ta ɗaki, ka rufe kokon nan da faifai, sa'an nan ka wanke hannunka da sabulu. Ka kira mini wanka."

Da wan ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ta ce ya ɗauki kyanwar ya kai ta bayan gari, nesa da rijiya. Can ya haƙa ɗan rami, ya jiƙa tsumma ya yi ta shafe gashinta daga kai zuwa wutsiya, yana wankewa yana sakewa, har ta fita tas. Ya zuba ruwan a ramin, ya jefa tsumman da buhun, ya binne. Zauren kuma aka yayyafa masa ruwa, aka kankare inda buhun ya kwana, aka kai ƙasar ramin. Kakar ta ce wa wan, "Daga yau, can wurin aiki za ka yi wanka, can za ka bar kayan aikinka. Zinariya ka kawo mana gida, ƙurarta kuwa ka bar ta a daji."

Kun ga hikimar tsohuwa. Ba ta kori kyanwa ba, gama kyanwa ba ta da laifi. Ta kuwa san yaro bai kamata ya yi wannan wanki da kansa ba, aikin manya ne.

Dokokin da za ku kiyaye

1. Kada a kawo dutsen zinariya ko garinsa cikin gida. Kada a daka shi a turmin abinci, kada a niƙa shi a injin hatsi, kada kuma a zuba hatsi a buhun da ya ɗauke shi.

2. Mai haƙa ya yi wanka ya sake tufafi da takalma kafin ya shigo gari. A wurin niƙa, a jiƙa dutse da ruwa don kada ƙura ta tashi.

3. Kada ku yi wasa a wurin niƙa ko wurin wanki, kada ku kai dabbobi kiwo ko shan ruwa a can. Kada a yi tubali da lakar irin wannan kududdufi.

4. In dabbar gida ta shiga ƙurar, kada ku rungume ta, kada ku kakkaɓe ta. Ku gaya wa manya su shafe ta da jiƙaƙƙen tsumma a bayan gari.

5. In kun ga agwagi ko kaji ko awaki suna mutuwa ba dalili, ku faɗa wa iyayenku su sanar da mai unguwa da malamin dabbobi. Kada a ci naman dabbar da a ke zaton dalma ta kama, balle hanta da ƙoda, gama a nan dalma ke taruwa.

6. Ku wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, ku wanke wa ƙannenku. A shimfiɗa wa jariri tabarma mai tsabta, a rufe abinci da ruwan sha.

7. Kada yaro ya wuni da yunwa, gama cikin da ba kome ya fi saurin shan dalma. Nono da wake da kifi da zogale suna taimakon jiki.

8. A yi hankali da kwalli. Yawancin na dutse dalma ce. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri, da suka auna kwallin da a ke sa masa, wanda aka kai daga Nijeriya, sai suka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce.

9. In yaro ya kama amai da ciwon ciki da jijjiga, a kai shi asibiti nan da nan, a kuma gaya wa likita in ana aikin dutse kusa da gidan.

Dabbobin gida abokan zamanmu ne. Ƙasa ɗaya mu ke takawa, ruwa ɗaya mu ke sha. Wanda ya kula da lafiyar agwagwarsa da kyanwarsa, lafiyar ƙanensa ya ke tsarewa. Rigakafi ya fi magani.

Ma'anar kalmomi

Dalma: ƙarfe mai nauyi da taushi, guba ne in ya shiga jiki.
Zaiba: ƙarfe mai gudu kamar ruwa, hayaƙinta ma guba ne.
Oza: awon nauyi, na zinariya ya ɗan fi giram 31.
Gargaɗi: faɗakarwa kafin abu ya auku.
Aikin baban giwa: wahalar da ba ta da amfani.

Tambayoyi

1. Me ya sa tsintsiya ba ta iya tattara ƙyalƙyali?
2. Ta wace hanya dalma ta shiga gidajen mutane a 2010?
3. Don me agwagi suka riga sauran dabbobi mutuwa?
4. Kawo dalilai uku da suka sa dalma ta fi cutar yara.
5. Bayyana yadda aka tsabtace gidajen Dareta da 'Yargalma.
6. Me ya sa kakar ta hana yaron kakkaɓe kyanwarsa?
7. In tifa ɗaya tana yin sawu 9 a rana, kwana nawa za ta yi kafin ta gama sawu 2,700?

Aiki

Zana taswirar garinku. Nuna rijiya da kududdufi da injin niƙa da inda dabbobi ke shan ruwa. Sa'an nan ka rubuta jimla goma a kan dabbar da ka fi so a gidanku, da yadda za ka kiyaye lafiyarta.